Rabo da Handama: Tafakkuri a Kan Jama'ar da ke Cikin Tumbin Rago

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai ciyar da abin da ido ke gani da abin da ido ba ya gani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya tashi a Bazaga ko wani ƙauye na gundumar Birnin Ƙonni ya san kiwon turke. Watanni kafin babbar salla maigida ko uwargida za su sayi rago, a ɗaure shi a inuwa, a riƙa ba shi harawa da dusa da kowar wake, ana lissafin abin da zai kawo a kasuwar Ƙonni ko ta Illela da ke tsallaken iyaka. Kuma duk mai irin wannan kiwo ya san wata asara da ake tsoro. Rago ya tsinke igiya da dare, ya tarar da buhun hatsi a buɗe ko tsabar da aka shanya, ya ci iya cinsa. Gari na wayewa sai a ga ya daina tuƙa, cikinsa ya ɗaure, zawo mai tsami ya biyo baya, ya kwanta ya kasa tashi. Sau da yawa ƙarshen abin shi ne a sa masa wuƙa don kada ya zama mushe.

Mutane sukan ce hatsi ne ya kashe shi. Amma hatsi ba guba ba ne, shi ne ma mafi daraja cikin abin da ke gidan. To ta yaya mafi kyawun abinci zai kashe dabbar da busasshen kara bai kashe ba? Amsar tana cikin tumbinsa, kuma a cikin amsar akwai wata tambaya da ta fi rago girma: jama'ar da rabonta bai zo daidai ba, me ke riƙe ta, kuma me ke rusa ta? Malaman tarbiyya sun daɗe suna kwaɗaitar da muridi ga tafakkuri a cikin halittar Allah, har Imamu Gazali ya ware wa tafakkuri babi guda a ƙarshen Ihya'u. Ba a ce sai a kan taurari da duwatsu ba. Tumbin rago ma aya ne ga mai lura.

Mazauna tumbi

Rago da saniya da akuya da raƙumi ba su da abin narkar da zaren ciyawa a jikinsu. Masu yi musu wannan aiki wasu ƙananan halittu ne da ke zaune cikin tumbi, waɗanda ba a ganin su sai da madubin ƙara girma. A cikin mililita ɗaya na ruwan tumbi, wato 'yan ɗigo kaɗan, akan sami bakteriya wajen biliyan 10, fiye da yawan 'yan Adam da ke doron ƙasa. Ban da su akwai wasu masu ɗan girma da ake kira furotozowa, akwai dangin naman kaza, akwai kuma wani jinsi na daban mai fitar da iskar metan. Wani masani ɗan Amurka, Robert Hungate, shi ne ya fito da dabarar renon waɗannan halittu a cikin kwalabe marasa iska, domin iskar da mutum ke shaƙa kashe yawancinsu take yi, kuma littafin da ya wallafa a 1966 shi ya zama tushen wannan fanni.

Abin da bincike ya nuna shi ne jama'ar nan tana da sana'o'i. Wasu su ke manne wa zaren harawa su warware shi. Wasu sun ƙware a kan garin hatsi da sukari. Wasu ba sa taɓa ciyawar ma, jira suke na farko su ci, su kuma su rayu da abin da na farko suka zubar. Abin da dukkansu suka fitar a ƙarshe, wasu nau'o'in asid ne masu sauƙi da ke ratsa bangon tumbi su shiga jini, kuma daga nan dabbar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfinta. Ke nan rago yana ciyar da baƙinsa, baƙin kuma suna ciyar da shi.

Sai dai rabon da ke tsakaninsu bai zo daidai ba ko kusa. A 2015 an wallafa wani babban bincike da masana na ƙasar Niyuzilan suka jagoranta, inda aka tattaro samfuri 742 daga jinsin dabbobi 32 a ƙasashe 35. An tarar cewa rukuni 30 kacal na bakteriya su ne suka mamaye kusan kashi 90 cikin 100 na abin da aka ƙirga, sauran rukunoni masu yawan gaske suka raba ɗan abin da ya rage. Haka abin yake a ƙasar gona da ruwan teku da hanjin ɗan Adam: 'yan kaɗan masu rinjaye, da tarin marasa rinjaye. Duk da haka jama'ar tumbi takan zauna da fasalinta muddin abincin dabbar bai sauya ba, kuma marasa rinjayen ba sa ƙarewa.

Daga cikin marasa rinjaye akwai masu fitar da metan. Yawansu bai wuce kashi uku zuwa huɗu cikin 100 ba, kuma abincinsu shi ne iskar haidirojin da manyan masu warware zare ke zubarwa. Da wannan iska za ta taru ba mai kwashewa, da aikin manyan ya yi nauyi. Su ne masu sharar gari, rabonsu shi ne mafi ƙanƙanta, amma masu babban rabo suna bukatar su.

Me ya hana mai ƙarfi ya cinye duka?

Wannan tambaya ta daɗe tana damun masana, domin gwaji na farko ya nuna akasin haka. A 1934 wani matashin masani a Mosko, Georgy Gause, ya zuba jinsi biyu na wata ƙaramar halittar ruwa mai suna Paramecium a kwalba ɗaya, abincinsu iri ɗaya. Kowane jinsi in an rene shi shi kaɗai yana rayuwa lafiya, amma da aka haɗa su, cikin 'yan makonni ɗaya ya ƙare. Ba yaƙi suka yi ba. Ɗayan ya ɗan fi saurin ci da haihuwa ne kawai, kuma wannan ɗan fifiko, kullum kullum, ya isa ya shafe abokin zamansa. Da Gause ya sake gwajin da wani jinsi na uku, wanda ke neman abincinsa a gindin kwalba alhali abokin zamansa yana nema a sama, sai biyun suka zauna tare. Darasin farko ke nan: inda kowa ya zura ido ga abu ɗaya tak, mai ƙarfi yakan share fage, inda kuwa bukatu suka bambanta, akan sami wurin zama.

Darasi na biyu ya fito daga wani gwaji da Richard Lenski ya fara a Amurka a 1988, wanda har yanzu ana ci gaba da shi. Ya zuba bakteriya iri ɗaya a kwalabe 12, abincinsu ɗan sukari ƙayyadadde. Kowace rana akan ɗebi kashi ɗaya cikin 100 a zuba a sabuwar kwalba, kuma zuriyarsu ta wuce hawa 75,000. A ɗaya daga cikin kwalaben, tun wajen hawa na 6,500, zuriyar ta rabu gida biyu. Gida ɗaya ya fi sauri wajen cin sukari, shi ke kwashe mafi yawa, amma garin sauri yana zubar da wani saura mai tsami. Gida na biyu ya ƙware a kan wannan saura. Idan masu sauri suka yi yawa, saura yakan yawaita, sai na biyu su ƙaru. Idan na biyu suka yi yawa, sauran ba ya isar su, sai su ragu. Kowane gida yana samun sauƙi ne lokacin da ya yi ƙaranci, saboda haka babu wanda ya shafe wani har tsawon hawa dubbai.

Akwai kuma abu na uku, wato linzamin da aka sa wa mai rinjaye. A cikin tumbi furotozowa suna cin bakteriya, kuma akwai ƙwayoyin bairos da ke kama su, kuma wanda ya fi yawa shi ya fi saurin kamuwa. Haka nan furotozowa sukan haɗiye ƙwayoyin garin hatsi su riƙe a cikinsu, su narkar a hankali, sai ya zama garin bai faɗa hannun masu gaggawa gaba ɗaya ba. Ita ma dabbar tana da nata aikin, domin tuƙar da take yi tana kwararo da yawu mai yawa, kuma yawun yana ɗauke da sinadari irin na kanwa wanda ke kashe kaifin tsami.

Ranar da ma'auni ya karye

Yanzu a koma ga ragon da ya faɗa wa buhu. Hatsi ya cika tumbi a dare ɗaya. A cikin mazauna akwai wata bakteriya, Streptococcus bovis, wadda a kwanakin harawa ba ta da wani rinjaye. Ita gwanar garin hatsi ce, kuma idan ta samu wadata takan ninka yawanta cikin ƙasa da sa'a guda. Abin da take zubarwa shi ne asid irin wanda ke sa nono tsami, wanda ya fi sauran kaifi. Akwai masu cin wannan asid a tumbin, amma haihuwarsu ba ta kai tata sauri ba, sai abin ya fi ƙarfinsu. Tsaba kuma ba ta bukatar tuƙa kamar harawa, saboda haka yawu ya ragu. A ma'aunin tsami, lafiyayyen tumbi yana tsakanin 6 da 7, to sai ya gangaro ƙasa da 5. Masu warware zare su mutu, furotozowa su mutu, masu cin asid su mutu. Tumbi ya daina motsi, ya riƙa janyo ruwa daga jini, asid kuma ya shiga jinin.

Abin lura shi ne ƙarshen ita mai handamar. Tsamin da ta haifar yakan kai inda ita kanta ba ta iya jurewa, sai ta durƙushe, wasu masu jure tsami su gaje wurin, su ma na ɗan lokaci, domin gidan da suke ciki mutuwa yake yi. Hausawa sun ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. A tumbin rago abin ya fi haka muni, domin mai ci shi kaɗai yakan tafi da kowa.

Masu kiwo sun san rigakafin tun kafin a san dalilinsa. Ba a ɗora wa dabba tsaba rana ɗaya. Akan fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu ko uku, ba a kuma yanke mata harawa. A wannan tsakani masu cin asid sukan ƙaru daidai da masu fitar da shi. Hatsin da zai kashe rago a dare ɗaya, shi ne zai sa masa ƙiba in an bi da shi a hankali. Ashe yunwa ba ita ta rusa wannan jama'a ba, wadata ce da ta sauka a hannun ɓangare ɗaya da saurin da sauran ba su iya bi.

Iyakar wannan misali

A nan wajibi ne mai tafakkuri ya yi hattara, domin mutum biyu za su so su ja misalin nan zuwa inda bai kai ba.

Na farko mai dukiya ne wanda zai ce: to ga shi, ko a halittar da ba ta san zalunci ba rabo bai zo daidai ba, yatsun hannu ma ba tsawonsu ɗaya ba, saboda haka kada kowa ya tambaye ni abin da ke rumbuna. Amsarsa ita ce bakteriya ba mukallafa ba ce. Ba a aiko mata Manzo ba, ba za a tashe ta a tambaye ta ba. Sauran da take zubarwa ba sadaka ba ce, ba ta da ikon riƙe shi ne kawai. Wani bincike da aka wallafa a 2019 daga wata jami'a a Amsterdam, ƙarƙashin Toby Kiers, ya nuna haka a fili. An duba wani naman kaza mai zare da ke rayuwa a saiwar tsiro, yana ba tsiro sinadarin fosfaras yana karɓar abinci. Da aka sa fosfaras da yawa a gefe ɗaya, kaɗan a ɗaya gefen, sai aka ga yana kwasa daga gefen wadata zuwa gefen rashi. Mai gaggawa zai ce tausayi ne, amma masu binciken sun fassara shi da ciniki, wato yana kai kaya inda suka fi tsada. Ɗan Adam shi aka ba rumbu da makulli da hankalin da zai iya rufe ƙofa, kuma saboda wannan iko ne aka ɗora masa hisabi. Abin da ke gudana a tumbi da tilas, a wurin mutum sai da niyya.

Bayan haka, daɗewar tsari ba ta zama hujjar adalcinsa. Sarautun ƙasar Hausa sun daɗe a tsaye kafin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, amma tsayuwarsu ba ta hana shi lissafa zaluncin da ke cikinsu a Kitabul Farƙi ba, har da harajin da ake ƙaƙaba wa talakawa da masu shanu ba bisa shari'a ba. Jama'a tana iya yin shiru saboda kowa ya samu abin da zai ishe shi, tana kuma iya yin shiru saboda na ƙasa ya rasa ƙarfin kuka. Daga nesa shirun iri ɗaya ne.

Na biyu shi ne wanda zai ce: tunda haka ne, adalci shi ne a raba komai daidai wa daida. Shi ma tarihin magabata bai ba shi cikakken goyon baya ba. Sayyidina Abubakar (RA) ya raba dukiyar baitulmali daidai tsakanin Musulmi, yana ganin ladan rigaye a Musulunci yana wurin Allah. Sayyidina Umar (RA) da ya kafa diwani sai ya fifita waɗanda suka rigaya da mutanen Badar da iyalan gidan Annabi (SAW). Babu wanda ya kira ɗayansu azzalumi. Alƙur'ani ma, a Suratun Nahli da Suratuz Zukhrufi, ya ambaci fifikon da ke tsakanin mutane a arziki. Sai dai shi Umar ɗin, a shekarar yunwa ta 18 bayan hijira, wadda ake kira shekarar toka, ya haramta wa kansa man shanu har sai jama'a sun samu. Kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyawa saboda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai da mudu ɗaya. Abin da ake fahimta shi ne fifiko yana da wuri a lokacin yalwa, amma idan abu ya kai ga ran mutum, fifiko yakan ja da baya.

Saboda haka ma'aunin yana kan abu biyu. Shin na ƙarshen layi ya samu abin da zai rayu da shi cikin mutunci? Shin abin da ya wuce bukatar na gaba yana gangarowa, ko an datse shi? Girman rabon mutum shi kaɗai bai isa ya sa a hukunta shi ba.

Daga tumbi zuwa rumbu

Wanda ya dubi tsarin kaka a ƙasar Ƙonni zai ga an gina masa magudanai tun da daɗewa. Manomin da hatsinsa ya kai nisabi yana fitar da dami ɗaya cikin goma idan ruwan sama ne ya shayar, ɗaya cikin ashirin idan da wahalar ban ruwa ne. Bayan an kwashe amfani akan bar mata da yara da tsofaffi su yi kala. Bayan kala sai makiyayi ya shigo da shanu su ci kara, su bar taki, gonar ta samu ƙarfin baɗi. Gonaki ba girmansu ɗaya ba, rumbuna ma haka, amma abin da ya zuba daga hannun wani yana zama abincin wani. Inda aka fara kwashe kara kakaf ana sayarwa, ko aka noma burtali, ko makiyayi ya shigo kafin a ɗauke amfani, nan ne ake jin rigima, wani lokaci har da asarar rai.

Babbar jarrabawa tana tsakanin kaka da damana. Da kaka hatsi yana araha, kuma ƙaramin manomi dole ya sayar, domin bashi da biki da magani ba sa jira. Mai kuɗi ya saya ya tara. Idan damana ta yi nisa, rumbun ƙaramin manomi ya ƙare daidai lokacin da yake bukatar ƙarfin noma, sai ya dawo ya sayi hatsin da ya sayar da tsada, ko ya ci bashin tiya ya biya da abin da ya fi ta a kaka mai zuwa. Mutanen jihar Tawa ba su manta da 2005 ba. Ruwa ya ɗauke da wuri a damanar 2004, fara ta yi ɓarna, amma abin da ya fi ciwo shi ne a watannin yunwar akwai hatsi a kasuwanni, kuɗinsa ne ya ninka, farashin dabbobi kuma ya faɗi, sai mai akuya ya sayar da ita bai samu abin da zai kai shi ko'ina ba. Dubun-dubatar yara aka kwantar a cibiyoyin tamowa a Maraɗi da Tawa da Damagaram.

Wannan ba ya nufin duk mai ajiye hatsi mai laifi ne. Annabi Yusufu (AS) ajiya ya yi ta shekara bakwai, kuma da ita aka tsira. Ɗan kasuwar da ya saya da kaka ya taimaki manomin da ke neman mai saye, ya ɗauki kasadar ƙwari da faɗuwar farashi, kuma ribarsa halal ce. Ko a tumbi an ga masu riƙe gari su sake shi a hankali, kuma riƙonsu kariya ne. Abin da shari'a ta hana shi ne ɓoye abinci lokacin da jama'a ke cikin matsi don a jira tsada ta ƙaru. Buhunan iri ɗaya ne, sito ɗaya ne. Bambancin yana ga ranar da aka buɗe ƙofa, da abin da zuciyar mai sito ke fata idan ya ga hadari ya taso ya watse: yana baƙin ciki tare da manoma, ko yana lissafi?

Ƙana'a, a kan wa?

Ma'abota tarbiyya suna yawan magana a kan ƙana'a, wato wadatar zuci da abin da Allah ya hukunta wa bawa, kuma gaskiya ce babba. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, kuma hassada ba ta taɓa ƙara wa kowa ko zangarniya ɗaya ba. Muridin da ya ga gonar maƙwabcinsa ta fi tasa, ya gode wa Allah ya kama fartanyarsa, ya huta da wutar da ke cin wasu. Amma ƙana'a magani ce da mutum ke sha da kansa. Idan mai rumbu goma ya tsaya yana yi wa mai rumbun da ya ƙare wa'azin ƙana'a, alhali bai fitar da zakka ba, ya ɗauki kalmar bayin Allah ya mayar da ita makulli. Wa'azin da ya dace da shi shi ne na kyauta da tsoron hisabi. Kowane ɓangare yana da nasa darasi, kuma alamar son zuciya ita ce mutum ya haddace darasin ɗan'uwansa ya manta nasa.

Akwai kuma wani tumbi da ya fi kusa da kowane muridi, wato zuciyarsa. A cikinta akwai bukatu da yawa masu zama tare: son iyali, neman halal, son a san mutum da alheri, son ilimi, son Allah da Manzonsa. Shehunnai ba su ce a kashe son dukiya ba, kamar yadda lafiyayyen tumbi bai rasa waccan gwanar hatsi ba. Tana nan, tana da aikinta, an dai riƙe ta a gwargwadonta. Haɗarin yana zuwa ne ranar da buɗi ya sauko farat ɗaya, ko riba ko muƙami ko suna, sai bukata ɗaya ta samu abin da take so ba linzami, ta hayayyafa, ta tsamar da wurin har kunya da tausayi da zumunci su kasa rayuwa. An sha ganin mutumin da ya jure talauci shekara ashirin da mutuncinsa, wadatar shekara ɗaya ta kayar da shi. Shi ya sa ake son wanda aka yi wa buɗi ya ƙara yawan bayarwa daidai da ƙaruwar samu, tun daga ranar farko, kuma kada ya bar wuridinsa da zaman 'yan'uwa da ya saba tun yana da kaɗan.

Zawiya ma ba ta tsira daga wannan jarrabawa ba. Ranar maulidi akan fito da faranti, kuma kowa ya san manyan baƙi su ake kai wa mai nama. Girmama malami da baƙo ladabi ne, babu laifi a ciki. Abin dubawa shi ne almajirin da ya ɗebo ruwa tun asuba, da matan da suka kwana a bakin murhu, da mai shara bayan an watse, ko abincin ya iso gare su da ɗuminsa, ko sai ƙanzo. Yawansu a hoton taro kaɗan ne, amma ranar da suka janye hannu za a san nauyinsu.

Ɗan'uwan da ya karanta wannan yana iya yi wa kansa hisabi kafin kaka ta zo. Me ke hannunsa wanda ya wuce bukatarsa, na hatsi ko kuɗi ko ilimi ko alfarma? Wa ke ƙasa da shi wanda rayuwarsa ta rataya a kan abin da ke gangarowa daga gare shi, ɗan ƙodago ne, ko ƙanen da ke karatu, ko gwauruwar da ke maƙwabtaka? Ya auna zakkarsa a gona kafin dami ya shiga rumbu, ya biya ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi, kuma in yana da hatsin sayarwa ya fitar da shi lokacin da unguwa ke nema. Wanda kuma rabonsa ya zo kaɗan, ya riƙe sana'arsa da mutuncinsa, ya nemi haƙƙinsa ta hanyar da shari'a ta yarda ba tare da hassada ba, ya sani cewa ƙanƙantar rabo ba ta nuna ƙanƙantar matsayi a wurin Allah.

Allah ya azurta bayinsa da wadatar zuci, ya sanya albarka a gonakinsu da dabbobinsu, ya kare masu samu daga handama, ya kare marasa samu daga hassada, ya ba da damana mai albarka. Allah ya ƙara tsira da aminci ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah shi ne mafi sani.